Zuwa ga shugabannin tsangayoyin injiniyanci da na kwamfuta: ku shigo da malamin Turanci ɗakin gwaji

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta malamai.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da iyalanku. Ni malamin Turanci ne a wata jami'a ta Arewa, kuma na daɗe ana jibga mini 'yan aji ɗaya in koya musu kwas ɗin nan da kowa ya sani, GST 111. Wato ni ne wanda kuke yi wa tsaki a zuci duk sa'ad da kuka buɗe kundin ɗalibin ajin ƙarshe, kuka tarar jimla ta taso daga kan shafi ba ta sami masauki ba sai a tsakiyarsa. Na sha jinku a wajen shan shayi da bayan sallar azahar kuna tambayar juna, wai me 'yan sashen Ingilishi suke koya wa yaran nan ne? Haƙƙinku ne a ba ku amsa, zan kuwa bayar. Amma idan na gama, ni ma ina da tawa.

Da gangan na rubuta da Hausa. Kada a ce malamin Turanci ya zo da dogon Turanci. Sannan iyayen da suka sayar da amfanin gona suka biya kuɗin rajista, su ma ya kamata su ji abin da ake yi da 'ya'yansu.

Bari in fara da abin da wasunku za su musa: ɗalibanku sun iya Turanci. Babu wanda ya shigo tsangayarku sai da kiredit ɗin Turanci a WAEC ko NECO, kuma a jarrabawar JAMB tambaya 60 cikin 180 ta Turanci ce. Ku ma ajiye takarda gefe, don na san za ku kawo zancen satar amsa. Ku dubi abin da suke yi da wayoyinsu. Yaron da kuke cewa ba ya jin Turanci, shi ne zai zauna awa biyu yana bin wani Ba'indiye a YouTube yana bayanin yadda ake haɗa rumbun bayanai, ya gane, ya kuma zauna ya yi. Wanda bai iya harshe ba ba ya yin wannan.

Mu masu koyar da harshe muna da wani ma'auni da wata majalisar ƙasashen Turai mai mazauni a Strasbourg ta fitar a 2001, ana ce masa CEFR. Matakai shida ne, daga A1 zuwa C2. Na huɗu, B2, shi ne na wanda ya wuce tsakiya amma bai kai ƙwarewa ba. An siffanta shi da cewa yana iya kama gundarin rubutu mai sarƙaƙiya, har da muhawara ta fannin da ya karanta, yana iya magana ba tare da wahalar da mai saurare ba, kuma yana iya rubuta bayani dalla-dalla ya auna amfani da illar zaɓi daban-daban. A ma'aunin IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman karatu a ƙasashen waje, wannan ya yi daidai da 5.5 zuwa 6.5, kuma 6.5 ɗin ne jami'o'i da yawa a Ingila ke nema ga mai son digiri na biyu. A iya abin da nake gani a takardun da ke zuwa teburina, yawancin ɗalibanku a karatu da saurare suna bakin ƙofar B2 ko sun shiga. A rubutu ne suke baya da taki guda.

Mutumin da ke wannan mataki yana da wata cuta tasa ta daban, kuma ita ce dalilin wannan wasiƙa. Ɗan koyo ya san bai sani ba, don haka yana tambaya. Na B2 kuwa ya daina jin yunwa. Zai karanta shafi, ya gane kalma tara cikin goma, ya wuce da yaƙinin ya fahimta. Ta goman da ya tsallake ba wata babbar kalma ba ce mai ban tsoro. Irin su “unless” ce, ko “provided that”, ko “not implied”. A hirar ƙwallo ko labarin siyasa, tsallake su bai cika yin ɓarna ba. A fanninku su ne ke riƙe da jimlar gaba ɗaya.

Wani ɗalibin lantarki ya taɓa kawo mini rahotonsa in duba masa nahawu, saura kwana biyu ya kare aikinsa a gaban malamai. Ransa a ɓace, allonsa na Arduino, ƙaramin allon lantarki da ake haɗa na'urori a kai, ya mutu. Ina karantawa na ga ya rubuta cewa kowace ƙafa ta ATmega328P, ƙwaƙwalwar allon, tana ba da wuta mA 40 (mA ma'aunin gudun wuta ne), kuma a kan haka ya gina lissafinsa, ya ɗora wa ƙafafu shida kaya. Na ce ya nuna mini inda ya gani. Ya buɗe takardar bayani ta masana'anta a wayarsa, ga 40 ɗin nan kuwa ɓaro-ɓaro. Sai dai tana ƙarƙashin kanun “Absolute Maximum Ratings”, kuma a gefenta akwai 'yar sanarwa da ke cewa waɗannan alƙaluma iyakar juriya ce kawai, ba a nufin na'urar za ta yi aiki daidai a kansu, kuma daɗewa a kai na iya raunana ta. A layi na gaba an rubuta cewa jimillar abin da zai bi ta ƙafafun wuta kada ya haura mA 200. Shida sau arba'in, 240. Shafin Arduino kansa 20 yake ba da shawara. Na tambaye shi ko ya ga sanarwar. Ya ce ya karanta ta. Na kuma yarda ya karanta, kowace kalma a ciki ya san ta. Abin da bai sani ba shi ne, a irin wannan rubutu “maximum” bakin rijiya ne, ba wurin shimfiɗa tabarma ba. Wannan kuskuren lantarki ne ko na Turanci? Ku za ku turo shi wurina, ni in mayar da shi wurinku, yaro kuma ya yi asarar kuɗin da ya tara na allo.

Ga wani misali da na fi so, don shi ne ya sauya yadda nake koyarwa. A 1997 ƙungiyar IETF, masu tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da wata gajeriyar takarda mai lamba RFC 2119. Aikinta guda ne: ta fayyace ma'anar wasu 'yan kalmomi idan an rubuta su da manyan baƙaƙe a cikin ƙa'ida, wato MUST da MUST NOT da SHOULD da SHOULD NOT da MAY. Hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ma tana da irin wannan tsari a ma'aunanta: “shall” sharaɗi ne, “should” shawara, “may” izini, “can” kuwa yiwuwa. Ɗalibanmu sun taso suna jin waɗannan kalmomi a matsayin 'yan uwan juna, bambancinsu ladabi kawai. Shekara da shekaru ina fama da su a allo, ina zana jadawali, ba ya zama. Ran nan sai na ce da su, a Islamiyya hukunce-hukunce nawa aka koya muku? Aji ya amsa baki ɗaya, biyar. Na ce to MUST wajibi ne, MUST NOT haramun, SHOULD mustahabbi, SHOULD NOT makaruhi, MAY kuma halas, ka yi ko ka bari. Aka yi shiru, sai dariya ta ɓarke. Har ɗalibaina Kiristoci da suka tashi a Kaduna da Jos ba su buƙaci ƙarin bayani ba, don kowa a nan ya san nisan da ke tsakanin dole da ya kamata da ba laifi. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce ai ba su yi daidai ɗari bisa ɗari ba, tunda mai barin mustahabbi ba a tambayarsa dalili, amma takardar ta ce mai barin SHOULD sai ya auna abin da zai biyo baya tukuna. Ta fi ni gaskiya. Minti goma muka yi, abin da na kasa a zango guda ya zauna. Kuma ba zai yiwu ba da ban ajiye wata takarda ta fanninku a gabansu ba.

Haka batun lokutan aikatau. Bahaushe ya ce “injin ya tsaya”, ya gama magana; jiya ne ko ɗazu, an tayar ko har yanzu yana kwance, sauran zancen ne zai nuna. Bature kuwa ya cusa wannan bambanci cikin aikatau ɗin kansa. “The server crashed” labari ne na abin da ya wuce. “The server has crashed” kira ne, a taso yanzu. “The server has been crashing” kuma cewa ne abin yana ta maimaituwa, a nemo tushensa. Ɗalibin da ya ci wannan tambaya a JAMB ta hanyar zaɓen B, shi ne zai aika wa shugabansa saƙon farko alhali na biyu yake nufi, a bar kamfani awa uku ba sabis.

Akwai kuma kalmomin da na kira 'yan tsakiya. Kalmomin fanni kamar “capacitor” ko “recursion” ku kuke koyar da su, kuma kuna yi da kyau. Na yau da kullum sun zo da su daga sakandare. Na tsakanin ne marayu. Wata malama a New Zealand, Averil Coxhead, ta tattara iyalan kalmomi 570 irin waɗannan a shekarar 2000, su “assume” da “derive” da “estimate” da “significant” da “vary”. Ku kuna ɗauka mun koyar, mu muna ɗauka a wurinku za su tsince su. Sakamakon shi ne ɗalibi ya yi gwaji sau uku ya rubuta “this proves”, inda iyakar abin da alƙalumansa suka ba shi dama ya ce shi ne “this suggests”. Wannan ba adon magana ba ne. Injiniyan da bai iya bambanta abin da ya tabbatar da abin da yake zato ba, wata rana zai sa hannu a kan gada.

Sai babbar cutar, wadda mu manya muka shafa musu. Yaranmu sun taso a ƙasar da ake auna ilimin mutum da nauyin kalmominsa. Sun ga takardun ofis masu farawa da “sequel to” da “I wish to humbly”, sun ga ana tafa wa ɗan siyasar da ya yi Turancin da ba wanda ya gane. Sai suka ɗauka haka ake yi. To ku dubi masu gyaran jirgin sama, waɗanda kuskuren karatu a wurinsu rai ne. Tun 1986 masana'antun jirage na Turai suka fito da wani taƙaitaccen Turanci na littattafan gyara, wanda yanzu ake kira ASD-STE100. Kalmomin da aka yarda da su wajen 900 ne, ban da sunayen kayan aiki, kuma an yi ƙoƙari kowace ta tsaya a ma'ana guda. Jimlar umarni ba ta wuce kalma 20, ta bayani ba ta wuce 25. Idan na nuna wa ɗalibai wannan, wasu har haushi suke ji, kamar an ce su cire babbar riga su sa singileti. Ɗaukar mai B2 zuwa gaba, rabinsa ƙari ne, rabinsa kuwa ragi.

Yanzu ga amsar tambayarku. Me muke koya musu?

A takarda, abin ba laifi. Manhajar CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disamba 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar manhaja, BMAS, ta ba GST 111 yunit biyu: awa 15 na lakca, awa 45 na aiki a aikace. Wanda ya tsara haka ya san harshe da yi ake koyonsa. Amma a inda nake, na sha tsayawa gaban ɗalibai fiye da dubu a babban ɗakin taro, lasifika tana ɗaukewa duk lokacin da aka ɗauke wuta, na baya suna tsaye a bakin taga. Mai karanta shari'a da mai karanta aikin gona da naku duk a haɗe. Wane aiki a aikace zan ba mutum dubu? Idan kowa ya rubuta shafi ɗaya, na ba kowane shafi minti biyar, sama da awa tamanin ke nan ban ɗaga kai ba, a kan aiki guda. Don haka sai mu koma abin da zai yiwu: sassan jimla, alamomin rubutu, sautukan wasula, a ƙarshe jarrabawar kwamfuta ta canki-canka. Ɗalibi zai iya samun A bai rubuta sakin layi ko ɗaya ba. Na ba da irin wannan A ɗin da hannuna, ba sau ɗaya ba. Masu shirya jarrabawar Cambridge sun ƙiyasta cewa kaiwa B2 na cin awa 500 zuwa 600 na karatu a gaban malami, C1 kuma 700 zuwa 800. Wato tsakanin matakan biyu akwai wajen awa 200. Ko da awa 60 ɗinmu sun cika cif, ba su kai sulusi ba, balle a shekarun da aka matse zango don cike giɓin yajin aikin wata takwas na 2022.

Ba na wanke kanmu. Da yawa cikinmu adabi muka karanta ko nazarin harshe, kuma ba mu taɓa buɗe rahoton ɗakin gwaji ba. Mukan maimaita wa mai B2 darasin da ya haddace tun yana aji uku na ƙaramar sakandare, sannan mu yi mamakin ganinsa yana danna waya. Wasunmu kuma sun mai da kwas ɗin kasuwar handawut. Na amsa wannan.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ga tawa tambayar: tsakanin aji ɗaya da ranar da ɗalibi ya ajiye muku kundi, sau nawa wani a cikinku ya mayar masa da rubutu ya ce sake, ban gane ba? Na ga rahotannin gwaji da kuka duba. Jan biro yana kan lissafi da jadawali da zanen giraf. Sashen tattauna sakamako kuwa, inda yaro zai faɗi me ya sa abin da ya auna ya saɓa wa abin da littafi ya ce, alamar “na gani” kawai ake yi masa, ko da kwafe ne daga rahoton 'yan bara. Ɗalibi ba wawa ba ne. Inda maki yake, nan yake zuba ƙarfinsa. Shekara uku ko huɗu kuna nuna masa a aikace cewa rubutu ba ya cikin aikin injiniya, sai a ajin ƙarshe ku nemi ya haifo shafi sittin masu ma'ana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san za ku ce ai sabuwar manhaja ta tanadi kwas na rubutun fasaha ga injiniyoyi, da na hanyoyin bincike da rubuta rahoto ga ɗaliban kwamfuta. Haka ne, kuma ci gaba ne. Sai dai a wuraren da na leƙa, irin wannan kwas akan miƙa shi ne ga wanda jadawalinsa ya fi sauƙi, shi kuma ya karanto musu “siffofin rahoto mai kyau” guda bakwai su haddace. An koma gidan jiya, GST ne ya sauya riga.

Abin da nake roƙo ba sabon kwas ba ne, na san jadawalinku ya cika har yana zuba. Ku ɗauki kwas ɗaya na ɗakin gwaji ko na rubuta manhajar kwamfuta a aji uku, wanda dama ana rubuta rahoto a cikinsa, ku sa malamin Turanci a ciki tare da naku. A aji uku, saboda a lokacin sun san fanninsu har suna da abin faɗa, kuma da yawansu ba su tafi dogon IT ba tukuna, wato koyon aiki a masana'antu. Shirin nan na IT, wato SIWES, da asusun horar da ma'aikata na ITF ya kafa tun 1973, shi ne karon farko da wani wanda ba malaminsu ba zai karanta rubutunsu, kuma shi ba ya ba da maki, kallon mutum kawai yake yi ya yanke hukunci a kan makarantar da ta turo shi. Kada mu kawo littafin nahawu. Kayan karatun su zama naku: takardar bayanin na'ura, wani sashe na ma'aunin da kuke aiki da shi, saƙon kuskure da kwamfuta ta fitar, bayanin wata manhaja a GitHub, shafin da masu rubuta manhajar kwamfuta ke ajiye aikinsu. Abin da za su rubuta ya zama gajere, shafi ɗaya, amma a mayar da shi sau biyu. Ku duba ko gaskiya ne, mu duba ko wani zai gane. Mai kwamfuta ya koyi kai rahoton matsala yadda ake yi a wurin aiki: ga abin da na yi mataki-mataki, ga abin da na sa ran gani, ga abin da ya fito. Mai injiniyanci ya rubuta wa manajan da bai san lissafi ba dalilin da ya sa za a sayi wannan famfo a bar wancan. A ware wa wannan maki na gaske, ko kashi 15 ne cikin ɗari, yadda wanda ya yi wasa da shi zai ji a jikinsa.

Kuna da hurumin yin haka. CCMAS kashi 70 ta tsara, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ta ga ya dace da ita. Ba sai kun je Abuja neman izini ba, daga kwamitin tsangaya zuwa majalisar malamai ta jami'a ne. Ku injiniyoyi ma kuna da wani dalilin na daban. A 2023 COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ta zama cikakkiyar mamba a yarjejeniyar Washington, wadda tun 1989 ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyancin juna a ƙarƙashinta. Cikin siffofin da yarjejeniyar ke so a gani a jikin wanda ya kammala akwai iya isar da bayani, a rubuce da baki. Tsarin nan kuma ba ya tambayar me kuka koyar, tambayarsa me ɗalibi ya iya, ina shaida. Ranar da masu tantancewa suka nemi shaidar, sakamakon canki-canka na aji ɗaya za ku miƙa musu?

Batun hannu, na san shi ne za ku tayar, kuma gaskiya ne, malamai sun yi ƙaranci, waɗanda suka rage kuma sun gaji. Amma aji uku na sashe guda ba dubu ba ne. A raba su rukuni na ashirin ko talatin. Ɗaliban digiri na biyu a sashenmu suna nan suna neman abin da za su yi bincike a kai da ɗan abin sa wa a aljihu. Mako biyu na horo ya isa su fara duba shafi ɗaya bisa ma'aunin da muka amince da shi tare. Su ma ɗaliban su karanta na juna kafin ya iso gare mu. Ba abin da ke koya wa mutum gyara jimla kamar ya ga abokinsa ya bi umarnin da ya rubuta, ya haɗa waya a inda ba nan yake nufi ba.

Wani abu kuma da zan roƙa, ko da wasu za su ɗaure fuska: kada ku hana Hausa a wannan aji, ko Fulatanci, ko Kanuri, ko duk harshen da yaro yake tunani da shi. Idan rubutun ɗalibi ya cakuɗe, nakan ajiye takardar in ce faɗa mini da Hausa. Idan ya faɗa tiryan-tiryan, matsalar tawa ce, ta harshe, kuma gyaranta ba wuya. Idan da Hausar ma ya kama inda-inda, to bai gane abin ba ne, sai in turo muku shi. Wannan gwaji na minti ɗaya ya fi kowace jarrabawa da na sani raba cutar biyu. Rahoton dai da Turanci za a miƙa shi, ba wanda ya ce a sauya.

Ba zan rufe ba sai na taɓo ChatGPT, wanda ya fito a ƙarshen Nuwamba 2022, kwanaki kaɗan kafin a ƙaddamar da manhajar CCMAS. Tun daga lokacin kundayen da nake gani suka yi sumul, ba kuskuren nahawu ko ɗaya, kuma sau da yawa ba kowa a cikinsu. Wani abokin aikina a tsangayarku ya ce mini ai shi ke nan an huta da mu. Ni kuwa gani nake yanzu aikin ya fara. Na'urar tana rubutu da cikakken yaƙini ko tana kan daidai ko ta kauce, kuma mai B2 da ya saba tsallake kalma ta goma shi ne ya fi kowa saurin yarda da ita. Hanawa ba za ta yi ba, ba ku da 'yan sandan da za su tsare wayoyi dubu. Abin da zai yi shi ne kowane rahoto ya zo da minti uku na tsayuwa: ɗalibi ya rufe takarda, ya faɗi abin da ya yi, ku jefa masa tambaya ɗaya, mu jefa masa ɗaya. Tawa ba ta wuce in nuna wata jimla a shafinsa in ce, me ya sa ka ce “may” a nan ba “will” ba? Wanda ya rubuta da kansa, ko ya yi aiki da na'urar da idonsa a buɗe, zai amsa. A nan kuma za ku gano 'yan matan da ke zama a layin baya ba sa magana shekara uku, alhali sau da yawa rahotonsu ya fi na masu surutun.

Ga abin da ya rage a wuyana. Na yi wa shugaban sashena magana ya rage mini wani abu a zango mai zuwa, in ba da awa biyu a mako ga duk sashen da ya fara buɗe mini ƙofa, ba tare da neman alawus ba a karon farko. Abokan aikina biyu sun ce za su biyo ni, kuma na tabbata a kowace jami'a ba za a rasa irinsu ba idan kun aika an tambaya. Abin da nake so ku aiko mini kafin a koma hutu kaɗan ne: rahoton gwaji goma na 'yan aji uku, masu kyau da marasa kyau, a goge sunaye, takardar bayani ɗaya ta na'urar da suka fi taɓawa, da malami ɗaya daga cikinku wanda zai jure tambayoyin jahilci daga wurina, don har yanzu ban gama gane bambancin “stress” da “strain” a wurinku ba.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya. Wassalam.

Naku,
Malamin GST 111 a wata jami'a ta Arewa